Aikin Dole Ba Ya Daɗewa: Mu Sake Duban Abin Da Muke Kira Jin Daɗi

 Ina so in faɗi wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Maganar kuwa ta lafiyar jikinmu ce, da dalilin da ya sa muke jin shawarar likita da kunnuwa biyu amma ba ma daɗewa a kanta.

Akwai wani dattijo a ikkilisiyarmu, mutum mai riƙon amana, wanda ya riƙe mana ma'aji shekara da shekaru ba a taɓa neman ko kwabo an rasa ba. Wata rana jiri ya kwashe shi a kasuwa. Aka kai shi asibiti, aka auna, aka ce jininsa ya hau. Aka ba shi magani, aka kuma jera masa dokoki: ban da gishiri, ban da magi, ban da kitse, ban da lemun kwalba, sannan ya riƙa tafiya da ƙafa kullum. Mama ta dawo gida ta fara ɗora masa tukunya daban. Yara suna can suna shan miya mai ƙamshi, shi kuwa a ajiye masa kwano lami a gefe. Ya jure mako uku. Da na je gaishe shi sai ya turo mini kwanon ya ce, "Ɗana, ɗanɗana ka ji. Wannan zaman gida ne ko zaman kurkuku? In dai mutuwa ce, gara ta same ni da daɗin bakina." Tafiyar ma sau biyu ya fita. Duk wanda ya gamu da shi sai ya taka birki: "Baba, lafiya? Motar ce ta lalace? Hau in kai ka." Kunya ta mayar da shi gida. Bayan shekara biyu ɓarin jikinsa ya shanye. Yana nan da rai, mun gode wa Allah, amma yanzu sai an ɗauko shi zuwa sujada.

A cikin wannan majami'ar kuma akwai wata uwa da ta haura shekara saba'in. In ka ce mata ta zagaya fili na minti talatin, za ta ce maka gwiwa ba ta bari. Amma bari ranar Zumunta ta zo, a buga tulu, a kaɗa caki, za ka ga tsohuwar nan tana juyi tana taka rawa har gumi ya jiƙa ɗankwalinta, kuma ba wanda ya aike ta. Ruwan sama ba ya hana ta zuwa, sanyin hunturu ba ya hana ta. Shekara nawa ke nan tana haka, ba ta taɓa cewa ta gaji ba.

To, mene ne bambancin waɗannan bayin Allah biyu? Dattijon ya fi ta ilimin boko, ya fi ta sanin haɗarin da ke gabansa. Bambancin shi ne, shi an ba shi lafiya a matsayin horo, ita kuwa tana samun tata a cikin abin da ranta yake so. Ra'ayina ke nan a taƙaice: abin da mutum yake yi don tsoro yakan ƙare ranar da tsoron ya huce, amma abin da yake yi da murna yakan bi shi har tsufa. Muddin muna kallon abinci mai gina jiki da motsa jiki kamar hukunci, za mu yi ta ɗaukar alkawari muna karyawa.

Mun ƙuntata ma'anar jin daɗi

Ku dubi yadda muke magana. In mutum ya ajiye tumbi, sai mu ce wane ya samu hutu, yana jin daɗi. In amarya ta yi ƙiba, sai mu yaba wa maigida da iya kiwo. In baƙon mai wa'azi ya zo, girmamawar da ta fi kowace ita ce farar shinkafa da mai yana iyo a kan miya, da soyayyen nama, da lemun kwalba biyu. Wa zai yi ƙarfin halin ajiye wa Rabaran kwaɗon zogale ko faten acca? Ai sai a ce an rena shi. Tuwon dawa da miyar kuka, da dambu, da rama, da ɗanwake, mun sa musu suna abincin ƙauye, ko abincin ranar babu. Tafiyar ƙasa kuma ta zama alamar talauci. Da yawa daga cikinmu mun tashi da noma da zuwa rafi da tafiyar mil biyar zuwa makaranta, saboda haka a ranmu mun ƙudura cewa ranar da Allah ya buɗa mana, mun yi sallama da gumi har abada.

Ban ga laifin wanda ya sha wahala ya nemi hutu ba. Rai dangin goro ne. Amma in kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. Kakanninmu suna cin tuwo malmala uku su ƙone shi a gona kafin la'asar. Mu kuwa da muka koma gari, muna ci kamar manoma muna zama kamar sarakuna: daga gida sai babur, daga babur sai kujerar ofis ko bencin shago. Binciken masana a Nijeriya ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin kowane manya uku yana da hawan jini, kuma da yawa ba su ma san suna da shi ba. A ƙananan ikkilisiyoyi irin namu, inda fasto ɗaya yake kiwon majami'u biyu ko uku, inda dattawa ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba, faɗuwar mutum ɗaya babban giɓi ne. Mai fassara ya kwanta, an rasa mai fassara. Mai biyan kuɗin makarantar marayu ya kwanta, yaran sun koma gida.

Daɗi ba a harshe kaɗai yake ba

Wani zai ce, ai daɗi daɗi ne, harshe ba ya ƙarya. Amma masana sun gwada wannan magana. A shekarar 2006 wasu masu bincike a Amurka suka ba mutane abin sha na mangwaro da kindirmo irin na Indiya. Waɗansu aka gaya musu yana da amfani ga lafiya, waɗansu aka gaya musu ba shi da amfani. Abin sha ɗaya ne, amma waɗanda aka ce wa ba shi da amfani suka fi jin daɗinsa. Wato tun kafin kofi ya kai baki, zuciya ta riga ta yanke hukunci cewa abu mai amfani ba ya daɗi. A 2013 kuma aka yi irin wannan bincike a Faransa, sai aka samu akasin haka: su a wurinsu abinci mai amfani shi ne mai daɗi. Ashe ba da wannan tunani aka haife mu ba, koyonsa muka yi. Abin da aka koya kuwa ana iya sake shi.

A 2017 Bradley Turnwald da Alia Crum da abokan aikinsu suka wallafa wani gwaji da suka yi a ɗakin cin abincin ɗalibai na Jami'ar Stanford. Ganye da kayan lambu iri ɗaya ake dafawa, dahuwa iri ɗaya, sunan da ake rubutawa a gaban tukunya ne kawai yake canzawa. Ranar da aka yi wa abincin kirari da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa, masu ɗiba suka ƙaru da kashi 25 cikin 100 a kan ranar da aka rubuta sunansa kurum. Suka kuma ƙaru da kashi 41 cikin 100 a kan ranar da aka rubuta irin su "an rage gishiri" ko "ba sukari". Ku lura da wannan, iyaye mata: kalmar "ba gishiri" ita kanta tana korar mai ci.

A wannan shekara ta 2017 kuma, Kaitlin Woolley da Ayelet Fishbach na Jami'ar Shikago suka bi diddigin mutanen da suka ɗauki alkawuran sabuwar shekara. Bayan wata biyu suka tarar cewa yawan muhimmancin da mutum ya ba alkawarinsa bai nuna ko zai riƙe shi ba. Abin da ya nuna shi ne ko yana jin daɗin yin abin. Mu da muke cika majami'a daren 31 ga Disamba muna ɗaga hannu da alkawura, mun san inda yawancinsu suke kwana kafin Ista.

Littafi Mai Tsarki ya riga su faɗa

Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai karanta Maganar Allah. A Fitowa sura 16 an kwatanta ɗanɗanon manna da waina mai zuma. Amma a Littafin Ƙidaya sura 11 sai ga jama'a suna kuka a ƙofar alfarwansu sun gaji da ita, suna begen kifi da kankana da albasa da tafarnuwar Masar, har sun manta da bulalar da ke tare da su. Mannar ba ta canza ba, zuciyarsu ce ta canza. Daniyel da abokansa kuwa, a sura ta fari ta littafinsa, su da kansu suka roƙi a ba su kayan lambu da ruwa maimakon abincin sarki, kuma bayan kwana goma suka fi sauran samari kyan gani. Ba wanda ya tura musu kwano a gefe. Zaɓinsu ne, don haka suka iya riƙe shi.

A wani ɓangaren, mu masu bi muna da wani kuskure namu. Wasunmu sun ɗauka cewa duk abin da ke da daɗi akwai zunubi a gindinsa, kuma alamar ruhaniya ita ce ɗaure fuska. Amma Mai Hadishi ya kira ci da sha da jin daɗin aikin hannu kyautar Allah. Manzo Bulus ya gaya wa Timoti, a wasiƙarsa ta fari sura 6, cewa Allah ne yake ba mu kome a yalwace domin mu more. A sura 4 kuma bai ce horar da jiki banza ba ne, ya ce yana da nasa amfani, ko da yake ibada ta fi shi. Sarki Dawuda ya yi rawa da dukan ƙarfinsa a gaban akwatin alkawari, kuma wadda ta rena shi ta taga, wato Mikal, ba ita aka yaba wa ba. Ubangijinmu kansa da ƙafa ya zaga Galili da Yahudiya, kuma ranar da ya tashi daga matattu ya bi almajirai biyu a hanyar Imuwasu, tafiyar wajen kilomita 11, yana buɗe musu Littattafai. Dattijon da ke jin kunyar a gan shi a ƙasa, ya tuna da wannan.

Mun kuma san darasin baiko. Wanda aka matsa wa ya bayar, yakan bayar sau ɗaya ya ɓuya. Shi ya sa aka koya mana cewa mai bayarwa da daɗin rai ne Allah yake ƙauna. In haka ne game da aljihu, me zai sa mu zaci jiki zai yi biyayya da tilas?

Amsa ga masu ja

Na san akwai iyayena da za su ce, "Yaro, kana wasa da wuta. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Isuwa ya sayar da matsayinsa na ɗan fari saboda kwanon fate, kuma kamunkai ɗiyan Ruhu ne." Gaskiyarku, iyayena. Zuma da zaƙi take da harbi, Karin Magana sura 25 ma ta gargaɗe mu kada mu sha ta fiye da kima. Ban ce kowa ya bi son bakinsa ba. Akwai ranar da mai ciwon sukari zai ga cincin ya kau da kai, akwai safiyar da jiki zai ƙi tashi sai an tilasta masa. Abin da nake cewa shi ne, kamunkai kamar birki ne, ana taka shi a kan gangara, amma ba da birki ake tafiya ba. Wanda kowace loma sai ya yi yaƙi da zuciyarsa, sau uku a rana har shekara ashirin, wata rana zai faɗi. Hikima ita ce a rage yawan yaƙin, a sa abin kirki ya zama abin marmari.

Wasu kuma za su ce, "Wannan maganar masu ƙoshi ce. Mu a ƙauye abin da za a ci muke nema." Wannan ma gaskiya ne, kuma manomin da ya wuni yana huɗa, da uwar da ta yi daka ta ɗebo ruwa, ba sa bukatar kowa ya koya musu motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana lissafa aikin gona da aikin gida cikin motsa jiki. Roƙona gare su ɗaya ne: kada su rena abin da ke hannunsu. Na sha ganin an sayar da wake da gyaɗa da ƙwai a kasuwa a sayo taliyar leda da lemun kwalba don a faranta wa yara rai. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 domin daraja gero da dawa da dangoginsu irin su acca da tamba, hatsin da muke jin kunyar ba baƙo. Duniya tana neman abin da muke zubarwa.

Sai dai in ja kunne a nan. Acca da tamba da alkama abinci ne, ba maganin ciwon sukari ba ne, kuma in an cika kwano da su za su ɗaga sukari. Wanda likita ya ɗora a kan maganin hawan jini ko na sukari kada ya ajiye shi don ya fara tafiya, ko don an yi masa addu'a. Mai ciwon zuciya, ko wanda ke jin ciwon ƙirji in ya yi sauri, ya ga likita kafin ya fara kowane motsa jiki.

Abin da za mu iya yi

Ma'aunin ba shi da wuya. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, wato minti 30 sau biyar, yara kuma minti 60 kowace rana. Gishiri kada ya kai gram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a tuna kuma kusan rabin dunƙulen magi gishiri ne. Ganye da 'ya'yan itace a samu gram 400 a rana. Sukari kada ya wuce kimanin gram 50, alhali kwalbar lemu ɗaya mai santilita 50 takan ɗauki kusan haka ita kaɗai. Ribar kuwa babba ce. A wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002, mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon sukari waɗanda suka gyara cimarsu, suka rage ƙiba kaɗan, suka riƙa motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka ba ƙwayar magani kuwa nasu ya ragu da kashi 31.

Ga shawarwarina ga majalisun dattawa da shugabannin ƙungiyoyi.

Na ɗaya, a daina ɗora wa mara lafiya tukunyar wariya in ba likita ne ya ce lalle sai haka ba. A rage gishiri da magi a tukunyar gida duka, kaɗan kaɗan, harshe yakan saba cikin 'yan watanni. A cike gurbin da daddawa da citta da tafarnuwa da albasa da kanumfari da busasshen kifi. Kada a ce wa Baba, "Ga naka mara gishiri." A ce, "Yau miyar kuɓewa ɗanya ce da daddawa irin ta Kaka."

Na biyu, Zumuntar Mata ta dawo da martabar girkinmu. A bikin godiya na kaka da Kirsimati, a sa gasar kwaɗon zogale da faten wake da dambun acca da tubani, a ba da kyauta. A teburin manyan baƙi a ajiye zoɓo da kunun tsamiya marasa yawan sukari, da gwanda da kankana. In Rabaran ya ci ya yaba a gaban jama'a, ya yi wa'azin da ya fi na awa guda.

Na uku, kowa ya nemi motsin da yake so, kada ya ari na wani. Mai son rawa ya yi rawa. Mai son lambu ya kama fartanya. Matasa suna da ƙwallo da faretin Birged. Na san a wasu garuruwanmu ba shi da sauƙi mace ta fita tana sassarfa a titi, a wasu wuraren kuma rashin tsaro ya hana fitar asuba. To, harabar majami'a tamu ce. A buɗe ta da yamma sau biyu ko uku a mako, a zagaya tare ana hira ana dariya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wanda ya san ana jiransa ba ya makara.

Na huɗu, dattawa su shiga gaba. Ziyarar marasa lafiya da ke cikin unguwa a yi ta da ƙafa, biyu biyu. In an ga dattijo yana tafiya, a bar tambayarsa ko mota ta lalace, a ce, "Baba, jira ni mu tafi tare." Kowace ikkilisiya kuma ta yi ƙoƙarin sayen na'urar awon jini, ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu su riƙa auna jama'a bayan sujada ko sau ɗaya a wata.

Makon jiya na koma gaishe da dattijon nan namu. Jikokinsa suna riƙe da shi yana koyon taku daga ɗaki zuwa gindin darbejiya, suna ƙirga masa suna tafi, shi kuma yana dariya da rabin bakinsa. Mama ta ce kullum shi ne yake fara kiransu in lokaci ya yi. Na tsaya ina kallo, ina tunanin da a ce tun fari haka muka raka shi.

'Yan'uwa, jikin nan haikali ne na Ruhu Mai Tsarki, kuma ba da ɓacin rai ake share haikali ba. Ubangiji ya ba mu hikimar lura da shi da farin ciki, ya ƙara wa iyayenmu lafiya da tsawon rai domin aikin Mulkinsa. Amin.